Firinta 3D na ƙas-ƙas ta ƙi jan filamen: me ya kamata ka saya?

Wallahi babu ƙarar da ke ɗaga min hankali irin ƙas... ƙas... ƙas ɗin nan. Ka sa aikin awa shida ka tafi la'asar, ka dawo ka tarar kan firintar na ta yawo a iska ba abin da ke fita, ga garin roba ya taru ƙarƙashin giyar da ke jan filamen (zaren robar da firinta ke narkarwa) kamar an kankare sabulu. Lokacin da ta fara min haka ban tsaya tunani ba na yi odar sabuwar ekstiruda, wato na'urar da ke tura filamen, daga Chaina, na yi ta zaman jira, da ta iso na ɗaura, ƙas-ƙas na nan daram. Ashe tiyon da filamen ke bi ne ya ɗan ja baya daga gindin nozul, wato bakin da narkakkiyar roba ke fita, ya bar rata, roba ta narke ta cike wajen, abin da reza da minti goma suka gyara.

To kafin ka fidda ko sisi yi wannan gwajin. Zafafa nozul zuwa digiri 200 in filamen ɗinka nau'in PLA ne, danne hannun ekstiruda mai sifirin, ka tura filamen da yatsunka. In ya zubo sumul, laifin na wajen ekstiruda. In kuma sai ka yi nishi, ko ya fito siriri yana nannaɗewa gefe, to gaba ce a toshe, moto tsallake kawai yake don ya rasa hanya, ko wacce iri ka saya ba za ta yi maganinsa ba.

Mu fara da toshewar gaba tunda ita ta fi yawa kuma ita ta fi araha. Nozul na tagulla mai ramin milimita 0.4 ka sayi da yawa ka ajiye, ba abin tsayawa ciniki ba ne. Sai tiyo, akwai farin da ke zuwa da inji, ramin cikinsa wajen milimita 2, akwai shuɗin Capricorn mai 1.9 wanda ya fi kama filamen ɗin 1.75 ba ya barinsa ya yi ta lanƙwasa a ciki. Yana da kyau, amma fa in irin filamen mai arha kake saya wanda nan kauri can siriri, matsewar nan ita za ta zame maka matsala. Ni a ganina 'yan maƙalan da ke riƙe tiyon sama da ƙasa sun fi tiyon kansa muhimmanci, in haƙoransu suka cinye tiyo zai dinga wasa, kuma daga wasan nan rata ke farawa. Ja shi da hannu ka gani, in ya motsa canza su, sannan ka yanke bakin tiyon a miƙe ba a karkace ba.

Kan zafi mai ƙarfe zalla kuwa, wanda tiyo ba ya kaiwa wajen wuta, mutane na yawan zuga shi. Amfaninsa na ga mai buga abin da ke son zafi sama da digiri 240, inda tiyon ke fara lalacewa. Amma mai PLA kaɗai zai iya sayen wahala da kuɗinsa, don PLA tun wajen digiri 60 yake fara laushi, ga shi a watan Afrilu ɗakunanmu kansu tanda ne, sai zafi ya hauro sama robar ta kumbura tun ba ta isa nozul ba. In firintarka na fara aiki lafiya sai bayan rabin awa ta tsaya, duba 'yar fankar kan tukuna, wataƙila ƙura ce ta ci ƙarfinta.

Yanzu in gwaji ya nuna ekstiruda ce. Cire hannun ekstirudar ka juya shi, na roba kan tsage ta ƙasa inda ido ba ya gani. Mafi sauƙi ka maye shi da na alminiyom mai giya ɗaya, noti kaɗan ne, ba ka taɓa saiti, kuma ga mai filamen PLA da PETG ya isa har ya yi yawa. Sama da shi akwai mai giya biyu irin BMG na Bondtech, yana damƙar filamen ta gefe biyu, kuma an rage masa gudu kashi 3 bisa 1 don ƙarfi ya ƙaru. Sai dai dole ka gyara lissafin takun moto, wato taku nawa zai yi ya tura milimita ɗaya na filamen, misali firintar Ender 3 da 93 take zuwa, BMG kuma wajen 415 yake so, in ka manta za ka ga tana fitar da ɗan kaɗan ka ɗauka jabu aka sayar maka. Jabun ma suna nan birjik, wani ya yi aiki wani haƙoransa ba su haɗu daidai ba, sa'a ce.

Na ƙarshe shi ne ka ɗora ekstiruda a kan kai kai tsaye ka rabu da dogon tiyo gaba ɗaya. Don filamen TPU mai taushin nan babu kamarsa, tura TPU ta dogon tiyo kamar tura dafaffiyar taliya ne. Kan zai ƙara nauyi, kuma ja-bayan filamen (ɗan janye shi da firinta ke yi don kada ya ɗiga) da kake sawa milimita 5 ko 6 sai ka sauke shi wajen 1, in ba haka ba ka toshe ta da hannunka. In dama sabuwar firinta za ka saya to ɗauki wadda ta zo a haka, irin su Ender 3 S1 ko Bambu Lab A1 ko Prusa MK4, ya fi ka zo kana kwance-kwance daga baya.

Af, filamen ɗin kansa. Da damina yana shan danshi, ka ji yana ɗan tas-tas a nozul ko ya karye cikin tiyo. Na'urar busarwa na gyara wanda ya riga ya jiƙe, PLA a digiri 45 zuwa 50 na 'yan awanni, bokiti mai murfi da silika mai tsotse danshi kuwa hana shi jiƙa kawai yake. Da hunturu kuma ƙura ce, ni ɗan soso na huda na zura filamen ta ciki kafin ya shiga giya, duk sati in na ciro shi ja-wur yake.