Wasan jera haruffan sunayen itatuwa: littafi, manhaja ko ƙwayoyin haruffa?

Za a ba ka haruffa a hargitse, a ce GORIMAN, kai kuma ka yi ta juya su har sunan bishiyar da ke ɓoye ya fito. Amsar ita ce Moringa, sunan da masana tsirrai suka ba dangin zogale. Wasan ke nan gaba ɗayansa, kuma ga ɗalibin ilimin gandun daji ko mai sha'awar lambu, ban san wata hanyar haddace waɗannan sunaye da ta fi shi daɗi ba. Ana sayar da shi iri-iri, kuma ba duka ne suka cancanci kuɗinka ba.

Kafin ka zaɓa, ka san cewa sunan kimiyya na kowace bishiya, wanda ake rubutawa da harshen Latin, kashi biyu ne, na dangi da na ita kanta. Tsarin ya kafu ne a 1753, lokacin da Carl Linnaeus, masanin ƙasar Sweden, ya fitar da littafinsa Species Plantarum. Kuka ita ce Adansonia digitata, darbejiya kuma Azadirachta indica, kowanne haruffa 17. Hargitsa haruffa 17 ga wanda bai taɓa ganin sunan ba wahalarwa ce kawai. Don haka abin da zan fara dubawa a kowane wasa shi ne ko yana farawa da sunan dangi kaɗai, irin Khaya na maɗaci ko Parkia na ɗorawa, kafin ya kai ga cikakken suna.

Littafin wasa ƙwaƙwalwa shi ne mafi sauƙin samu. Ba ya neman caji, kuma rubuta suna da hannu yana sa shi zama a ka. Matsalarsa ita ce yawancin irin waɗannan littattafai an shirya su ne don masu lambu a Turai da Amurka, sai ka tarar da Quercus da Acer da Betula, itatuwan can, shafi bayan shafi, babu tsamiya babu aduwa. Idan itatuwan ƙasashe masu zafi kake son koyo, buɗe shafin amsoshi tun kafin ka biya. Sannan ka duba shekarar bugu, domin sunaye suna canjawa. Gawo a da Acacia albida ne, yanzu Faidherbia albida. Kaɗanya ta bar Butyrospermum ta koma Vitellaria paradoxa. Bayan taron masana tsirrai na Vienna a 2005 da na Melbourne a 2011, an bar wa itatuwan Ostareliya sunan Acacia, bagaruwa ta zama Vachellia nilotica. Tsohon littafi zai sa ka haddace abin da malaminka zai ja wa jan biro.

Manhajar waya tana da saurin nuna maka ko ka dace, wasu ma suna ba da harafin farko idan ka maƙale. Amma da yawa sukan karɓi amsa da zarar haruffa sun jeru, ba hoton ganye, ba bayanin komai, ka wuce ka manta. Wadda ba ta nuna bishiyar bayan amsa, ni ba zan sauke ta ba.

Ƙwayoyin haruffa, wato 'yan ƙananan faifai masu harafi ɗaya-ɗaya, su ne zaɓina, kuma zan faɗi dalili. Harafin da ke kan takarda ba ya motsi, ido ne ke wahalar juya shi. Wanda ke kan tebur kuwa yatsa ne ke tura shi, ka gwada wannan jeri ka rushe ka sake, har kunnenka ya fara gane yadda Latin ke ƙarewa da -ia ko -us ko -ensis. Ga shi kai ne mai zaɓen sunayen, don haka babu bishiyar da ba ka so da za a ɗora maka, kuma mutum biyu ko uku suna iya zama a kai, ɗaya ya hargitsa saura su warware. Sai dai a lura da adadi. Kwalin Scrabble na Turanci, wasan haɗa kalmomi, ƙwayoyi 100 ne, Z guda ɗaya tak, alhali Ziziphus, dangin magarya da kurna, yana buƙatar biyu. Dole ka yi amfani da ƙwayar da ba a rubuta komai a kanta ba. Bananagrams, wani wasan irinsa, yana da 144, kuma Z biyu ne a ciki, shi ya sa ya fi dacewa da wannan aiki. Jerin sunayen kuwa sai ka tantance shi a Plants of the World Online, rumbun da lambun Kew na Landan ke kula da shi.

Akwai kuma takardun da ake saukewa daga intanet a buga, masu amfani ga malami mai aji guda. A ƙirga haruffan kowace tambaya tukuna, don harafi ɗaya da ya ɓace yana iya cinye wa yaro rabin sa'a a banza.

Kowanne ka ɗauka, nemi wanda ke ba da labarin sunan. Wanda ya ji cewa Adansonia daga Michel Adanson ta samo suna, Bafaranshen da ya yi nazarin tsirrai a Senegal, ko Parkia daga Mungo Park, matafiyin Scotland da ya bi kogin Neja, da wuya ya sake rikita rubutunsu. Masanan ma da kansu sun yi wannan wasa: da aka ware wata tsiro mai hawa ta kudancin Afirka daga dangin Pandorea, sai aka juya haruffan aka raɗa mata Podranea. Wannan tambaya ce mai amsa biyu, kuma duka biyun daidai ne.