P-90, Filter'Tron ko mai naɗi ɗaya na Fender: wanne ke ba da amo garau irin na da?

Ɗan'uwa, ka ce jitarka mai hambaka biyu ce (hambaka pikof ce mai naɗi biyu da ke kashe ƙugin lantarki, pikof kuwa shi ne abin da ke ɗaukar sautin tsirkiya ya aika wa amfilifaya), kuma ko ba ka matsa wa amfilifaya ba muryarta a dishe take fitowa, ƙananan tsirkiyoyi ba sa ratsawa. Kana son amo mai kaifi, tsabtatacce, irin na faya-fayan shekarun 1950 da 1960, kana tambaya ko P-90 za ka saka, ko Filter'Tron, ko pikof mai naɗi ɗaya irin na jitar Stratocaster.

Pikof dai maganaɗisu ne da siririyar wayar tagulla da aka naɗa sau dubbai. Duk sa'ad da aka ƙara naɗi, ƙarfi yana ƙaruwa, amma kaifin sama yana raguwa, tsakiyar sauti ta yi kauri. Saboda haka duk pikof ɗin da aka tallata maka da cewa yana da ƙarfin fitarwa sosai, ba shi kake nema ba. Hambakar da Seth Lover ya ƙera wa kamfanin Gibson, wadda ta hau jitar Les Paul a 1957, awonta, wato turjiyar wayarta ga lantarki, yakan tsaya wajen kilo-om 7 zuwa 9. Wasu na zamani da aka yi domin kiɗa mai kaushi suna kai 16. Awon nan ba shi ne komai ba, tun da kaurin waya ma yana canza shi, amma yana nuna maka inda aka dosa.

Na Stratocaster, wadda Fender ya fito da ita a 1954, shi ne sarkin kaifi a cikin ukun. Naɗinsa siriri ne mai tsayi, awonsa wajen kilo-om 6, kuma sandunan nan shida da kake gani a ƙarƙashin tsirkiyoyi su ne maganaɗisun da kansu. Ɗan ƙaramin yanki na tsirkiya yake saurare, shi ya sa kowane bugu yake fita daban, ras, kamar an ƙwanƙwasa gilashi. Aibinsa ƙugin lantarki ne, wanda ke ƙaruwa kusa da fitilu da taransifoma. Sannan ramin jitarka ba nasa ba ne, sai an yi masa dabara. Kuma ko ka saka shi, idan jitarka irin ta Gibson ce, ba za ta zama Stratocaster ba, domin tsawon tsirkiyar Fender inci 25.5 ne, na Gibson kuwa 24.75, kuma wannan tsawon yana da nasa rabon a cikin tsaurin amon.

P-90 shi ne wanda na fi jin tsoron ka saya ka yi da-na-sani. Gibson ya fito da shi a 1946, kuma shi ma naɗi ɗaya ne, shi ya sa mutane suke ɗauka ɗan'uwan na Fender ne a murya. Ba haka ba ne. Naɗinsa faffaɗa ne a kwance, maganaɗisu biyu ne a ƙarƙashinsa, ƙusoshin ƙarfe ke kai ƙarfinsu ga tsirkiya, awonsa kuma wajen kilo-om 8. Ya fi hambakar zamani buɗewa, babu shakka, amma ƙarfinsa a tsakiya yake, yana da ɗan kaushi, kuma yana saurin tura amfilifaya ta fara karya sauti. Ina son wannan muryar ƙwarai a wurin da ta dace. Sai dai kai tsabta ka ce kana so, ga shi kuma ƙuginsa bai gaza na Fender ba.

Filter'Tron kuwa hambaka ce, amma ta bi wata hanya dabam. Ray Butts ne ya ƙera ta, kamfanin Gretsch ya gabatar da ita a 1957, kuma makaɗin jita Chet Atkins na cikin waɗanda suka sa aka san ta. Naɗinta biyu ƙanana ne a matse kusa da juna, wayar ba ta da yawa, awonta wajen kilo-om 4 kacal, sai aka cike gurbin da maganaɗisu mai kauri. Abin da ke fitowa shi ne sama mai walƙiya, ƙasa a ɗaure ba ya yaɗuwa, kuma babu ƙugi. Idan ka kaɗa tsirkiya shida tare za ka ji kowace da muryarta. Ba ta kai na Stratocaster siranta ba, amma a jita irin taka ita zan zaɓa, musamman da yake masu ƙera pikof irin su TV Jones suna yin ta daidai ramin hambaka.

Batun alniko na 2 ko na 5, wato irin ƙarfen maganaɗisun, kada ya hana ka barci. Na 5 ya fi ƙarfi da tsauri, na 2 ya fi laushi, amma bambancin bai kai na naɗi ba.

Kafin ka kashe kuɗi, buɗe bayan jitar ka duba abin murɗa ƙara. Hambaka da abin murɗa mai kilo-om 500 (500k) take tafiya, amma wasu jitocin da 300k ko 250k suke zuwa, kuma wannan kaɗai yana shanye kaifi. Duba wayar da ke kai wa amfilifaya, domin doguwar waya tana rage sama, mai mita 3 ta fi mai mita 9 haske a kunne. Sauke pikof ɗin da ke kusa da wuyan jitar kaɗan daga tsirkiya, musamman ta gefen masu kauri. Idan kuma hambakarka mai waya huɗu ce, a haɗa naɗin biyu kafaɗa da kafaɗa maimakon ɗaya bayan ɗaya: ƙarfi zai ragu, kaifi ya ƙaru, ƙugi kuma ba zai shigo ba. Idan duk ka yi waɗannan muryar tana nan a dishe, fara da canza na wuya kaɗai zuwa Filter'Tron, domin a nan dishewar ta fi taruwa, ka saurara kafin ka taɓa na gindi.