Sabar raba fayil a ofis: wacce za ka ɗauka, kuma wane faifai za ka sa mata?

Duk wanda ya taɓa tsayawa a kan kwamfutar akanta da safiyar Litinin, folda ta ƙi buɗuwa, ma'aikata sun zuba masa ido, ya san abin da ya kamata a tambaya kafin a sayi saba. Ranar da ta ƙi aiki, za ta nuna maka inda matsalar take?

Windows Server tana aiki, sai dai bayan kuɗin lasisi za ka sake biyan CAL, wato lasisin shiga saba, na kowane ma'aikaci ko kowace na'ura. Windows ta gida ba ta ɗaukar haɗi fiye da 20 a lokaci guda. Akwatin Synology, wato sabar ajiya da ake sayarwa a haɗe, yana da sauƙin saiti, farashinsa ne ke sa gumi. NFS kuwa, wato hanyar raba fayil da aka fi amfani da ita a Linux, a bar wa ofishin da kowa ke kan Linux.

Ni TrueNAS nake so, manhajar da ke mayar da kwamfuta sabar ajiya. Kyauta ce, tana tashi a kan kwamfuta mai RAM giga 8 zuwa sama, kuma Samba ce ke aiki a cikinta, manhajar raba fayil da kwamfutocin Windows, wadda Andrew Tridgell ya fara tun 1992. In aka ce fayil ya kulle, sai in buga umarnin smbstatus in ga wanda ya riƙe shi. In kwamfuta ba ta ganin sabar sam, tashar 445, ƙofar da raba fayil ke bi a netwok, nake fara dubawa. Abin da ya fi kwanta mini a rai shi ne hoton ajiya na ZFS, tsarin ajiyar fayil na TrueNAS, wanda ke riƙe yadda fayiloli suke a baya don a iya dawo da su. Wata rana sakatariyarmu ta goge foldar rasiɗai gaba ɗaya, jikinta na rawa ta zo ta faɗa mini, kafin ta koma kujerarta na dawo da foldar. In kuma tsohuwar na'urar sikana ta nace sai SMB1, tsohuwar hanyar raba fayil ta Windows, canza na'urar, kar ka buɗe shi. Ta wannan ƙofar muguwar manhajar WannaCry, mai kulle fayil ta nemi kuɗin fansa, ta shiga a Mayun 2017.

Inda aka fi cutar mutane shi ne faifan ajiya, kuma nan ne na ƙone. Wani dillali ya sayar mini da guda huɗu a leda a rufe, yana rantsuwa sababbi ne fil. Ba a yi wata biyu ba ɗaya ya fara ƙas-ƙas, ashe tsoffi ne aka share musu lissafin awoyi. A 2025 an gano irin wannan a faifan Seagate Exos da wasu 'yan kasuwa suka sayar a Turai: SMART, wato rahoton lafiyar faifai, ya nuna sabo, amma FARM, wani rikodi daban da ke cikin faifan Seagate, ya tona awoyin gaskiya. Don haka ka je shago da laftof ɗinka, ka duba duka biyun da manhajar smartctl, ka tabbatar da lambar faifan a shafin kamfanin kafin ka miƙa kuɗi. Ka kuma nemi a rubuta maka a rasit cewa faifan nau'in CMR ne, domin ɗaya nau'in, wato SMR, yana wahalar da ZFS sosai lokacin sake gina ajiya.

Haka ma UPS, ɗaga batirin ka ji nauyinsa, na jabu ba ya da nauyi.