Kafin ka sayi kayan ɗibar jinin ɓera

Ɗalibin da SIWES, shirin tura ɗalibai koyon aiki a aikace, ta kai shi ɗakin gwaji yakan ruga kantin kayan asibiti ya ce a ba shi sirinji da kwalaben jini, mai kanti kuma ya miƙo masa irin na mutane. Daga nan asarar take farawa, don jinin ɓera ɗan kaɗan ne. Farin ɓeran Wistar mai nauyin giram 200, duk jinin jikinsa bai wuce mililita 13 ba, kuma idan ana so ya rayu ba a ɗibar fiye da kashi 10 cikin ɗari a lokaci guda, sai a bar shi ya huta kamar mako biyu. Mililita ɗaya da ɗoriya ke nan. Da wannan lissafin za ka shiga kasuwa.

Kwalba ce ta fi cin kuɗin ɗalibai a banza. Mai EDTA, maganin hana jini daskarewa, wadda aka fi sani da murfi mai launin shunayya, ita ce ta ƙidayar ƙwayoyin jini da PCV, wato kason jajayen ƙwayoyi a cikin jini. An auna maganin cikinta ne daidai da jinin da aka rubuta a jikinta. Ka zuba rabin mililita a kwalbar mililita 5, magani ya rinjayi jini, jajayen ƙwayoyi su motse, PCV ya sauka, kai kuma ka rubuta cewa ganyen da ka ba ɓerayen ya jawo musu ƙarancin jini. Ƙananan kwalabe na rabin mililita sun fi tsada, wani lokaci sai an yi odarsu, amma ni su zan saya.

Gwajin hanta da ƙoda, wato su ALT, AST, yuriya da kiriyatinin, kwalba marar magani yake so, inda jini zai daskare a tace ruwansa, ko kuma mai lithiyom hefarin, wani maganin hana daskarewa, idan mai injin gwajin ya yarda. Kada ka kai jinin EDTA gwajin fotashiyom ko kalshiyom: na farko zai hau, na biyu ya faɗi. Kuma ka karanta rubutun jikin kwalba, launin murfi yana bambanta daga kamfani zuwa kamfani. Kwalabe masu zuƙo jini da kansu kuwa ka bar wa asibiti, ƙarfinsu yana tsuke jijiyar wutsiya.

Allura ta danganta da inda za a ɗiba. Jijiyar wutsiya, allura lamba 23 zuwa 25 (lambar kauri ce, babbar lamba ta fi siranta) da sirinjin mililita ɗaya. A ɗumama wutsiyar a ruwan ɗumi tukuna, jijiyar za ta fito. Ɗiba daga zuciya, wanda ake yi a ƙarshen bincike bayan an sa dabbar barci mai nauyi kuma ba za ta farka ba, lamba 21 zuwa 23 da sirinjin mililita 5. Siririyar allurar insulin tana da ban sha'awa, amma jan jini da ita da ƙarfi yana fasa ƙwayoyi. Ka cire allura kafin ka juye jini a kwalba.

Mai binciken ciwon suga, ɗigo ɗaya daga bakin wutsiya ya ishe shi, sai ya nemi na'urar auna suga irin Accu-Chek. Tambayi kuɗin tsinkayen gwajin kafin na na'urar, su za ka yi ta saya.

Bututun roba na riƙe ɓera ana saye ne daidai da girman dabbar, ko da yake tawul mai kauri a hannun ƙwararre yana wadatarwa. Wajen sa dabba barci, kulorofom yana da arha, amma yana taɓa hanta da ƙoda, ga illa ga mai shaƙa. Aisofuloren ko ketamin da zailazin sun fi, sai dai waɗannan ba sayen ɗalibi ba ne, ta hannun malaminka ko likitan dabbobi suke fitowa, bayan kwamitin kula da dabbobin bincike ya amince da aikin.