Katin wasan haruffa na masu son kiɗan Turai: daɗin yana wajen Q da X

Kwali ne ɗan ƙarami, cike da kati, an jera su daga A zuwa Z. A fuskar kowane kati harafi ɗaya ne da kalmomi uku, a bayansa kuma sunan wani mai tsara kiɗan gargajiyar Turai, da shekarun haihuwarsa da rasuwarsa, da 'yar lambar nan da ake haskawa da kyamarar waya ta kai mutum ga guntun kiɗansa. Mai riƙe da kati ya faɗi harafi, ya karanta kalmomin ɗaya bayan ɗaya. Wanda ya canka tun a kalmar farko ya fi samun maki. Ƙanwata ce ta kawo mini shi tsaraba daga Ingila, kuma tun lokacin sanyi nake buga shi da 'yan tsirarun abokaina da ke da irin wannan kunne. Ba zan kama sunan kamfanin ba, tunda akwai inda zan caccake shi.

Kacici-kacici ne dai, sai dai an sa masa haruffa. Mu ma haka muka ɗauke shi: duk wanda ya gaza sai ya ce "na ba ka gari", kuma ba a karɓar garin da ba ya cikin tarihin kiɗan. Viyana ta sha kyauta a hannunmu.

Katunan farko suna da sauƙi, har sauƙin ya yi yawa. B: Bonn, kurma, tara. Kafin a rufe baki an ce Beethoven, wanda aka haifa a Bonn a 1770, ya kurmance, ya bar simfoni tara, wato dogayen kiɗe-kiɗe na babbar ƙungiyar makaɗa. V: Venis, malamin coci, jan gashi. Vivaldi ke nan, mai koya wa 'yan mata goge a gidan marayu. Irin waɗannan suna da amfani idan akwai baƙo a zama, don kada ya zauna shiru kamar an aiko shi, amma wanda ya daɗe yana saurare ba zai ƙaru da komai ba.

Akwai wasu da na yaba da dabarar da aka yi musu. Wani kati na H ya fara da 1685. A shekarar aka haifi Handel, a shekarar aka haifi Bach, haka ma Domenico Scarlatti, saboda haka harafin ne kaɗai yake raba gardama. Wani na S kuma kalmarsa ta farko "shiru" ce. Sai da aka ce Finland muka gane Sibelius ake nufi, mutumin da ya rayu har 1957 amma ya kwashe kusan shekara talatin na ƙarshen rayuwarsa bai fitar da wani babban aiki ba. Wanda ya zaɓi wannan kalma ya san abin da yake yi.

Inda kuɗin kwalin ya halatta kuwa shi ne haruffan da ba su da jama'a. A B da M da S sunaye sun yi cunkoso, kowa yana da goma a ka. Da an zo Q sai ɗaki ya yi tsit. Kalmomin su ne sarewa, sarki, Potsdam. Amsar ita ce Johann Joachim Quantz, malamin sarewa na sarkin Furushiya (tsohuwar masarautar Jamusawa), Frederick na Biyu, wanda ya rubuta littafin koyon busa a 1752 da har yau masu son sanin yadda ake kiɗa a ƙarni na 18 suke komawa gare shi. U ya kai mu ga Viktor Ullmann, Bayahuden da ya ci gaba da tsara kiɗa yana tsare a sansanin Theresienstadt, kafin 'yan Nazi su kashe shi a Auschwitz a 1944. Y na Eugène Ysaÿe ne, gwanin goge ɗan Beljiyam. Z ta Zelenka ce, ɗan Bohemiya da ya yi aiki a fadar Dresden a zamanin Bach. Shi ne babbar ribata a cikin kwalin nan gaba ɗaya. Tun ranar da katinsa ya fito ban daina neman kiɗansa ba.

X kuwa kusan mutum ɗaya gare ta, Iannis Xenakis. Injiniya ne ɗan Girka, ya rasa ido ɗaya a faɗan da aka yi a Atina wajen ƙarshen yaƙin duniya na biyu, ya gudu Faris a 1947, ya yi aikin zanen gine-gine a ofishin shahararren mai zanen gine-gine Le Corbusier, sannan ya riƙa tsara kiɗa da lissafi. Da muka haska lambarsa sautin ya fito, babban cikinmu, wani tsohon malamin makaranta, ya ce, "Kai ɗana, wannan kiɗa ne ko wayar ce ta lalace?" Muka yi ta dariya, amma a daren mun fi daɗewa a kan Xenakis fiye da kowa.

Wasan yana da wata tangarɗa da masu shi ba su hango ba, don sun ɗauka duk mai bugawa ya san rubutun sunayen. Mu da kunne muka san yawancinsu. Schubert, Schumann, Shostakovich da Chopin duk da "sh" suke farawa a bakinmu, ga shi kuma a bokon Hausa sh harafi ne mai zaman kansa. Sai a ce C, mutum yana da Chopin a ransa amma bai kawo shi ba. Tchaikovsky ma haka: a rubutun Rasha harafi ɗaya ne a farkon sunan, Turawan Ingila suka mai da shi T, Italiyawa suna fara shi da C. Takardar ƙa'idoji ba ta ce uffan a kan wannan ba, sai mu muka yanke cewa rubutun da ke jikin kati shi ne alƙali.

Guntayen kiɗan sun yi gajarta, kuma sai da intanet, ranar da sabis ya yi rauni rabin daɗin ya tafi. Katin kansa yana da kauri, bai nuna alamar gajiya ba.

Babban ƙorafina shi ne waɗanda aka bari a waje. An sa Robert Schumann, ba a ba matarsa Clara kati nata ba, alhali ta tsara kiɗa kuma tana cikin manyan masu kaɗa fiyano na ƙarni na 19. P ba ta da Florence Price, baƙar fatar Amurka da ƙungiyar makaɗan Chicago ta kaɗa simfoninta a 1933. C ba ta da Samuel Coleridge-Taylor, wanda mahaifinsa ɗan Saliyo ne. Daga Afirka kuwa babu ko mutum ɗaya. Ina Fela Sowande, haifaffen Abeokuta a 1905, da ya yi suna a Landan da kaɗa ogan, abin kiɗan coci mai kama da fiyano? Ina Akin Euba, ga E tana neman mutane? Ina Ayo Bankole, da aka haifa a Jos a 1935? Kwalin da ya samo wa Quantz wuri bai da uzurin cewa waɗannan ba sanannu ba ne.

Idan kana da abokai uku ko huɗu da suka riga suka san Mozart da Brahms, ka saya, zai buɗe muku ƙofar wasu da ba ku taɓa ji ba. Idan kai kaɗai ne, ko yanzu ka fara saurare, ka dakata tukuna. Mu dai mun yanka kwalin sabulu mun fara rubuta namu katunan muna cusawa a ciki. Na Sowande ya shiga, na Price ya shiga. Na Bankole ne har yanzu ake gardama a kai, don wasu sun ce in aka fara da Jos an ba da amsa tun a kalmar farko.