Hanyoyi Biyu Da Ƙanƙara Ke Haɗuwa A Gindin Kogin Ƙanƙara

Nauyin da ke danne ruwa yana sauke ma'aunin daskarewarsa, kusan digiri 0.7 a ƙarƙashin ƙanƙara mai kaurin mita 1,000. Hanyoyin biyu duka daga nan suka samo tushe, sai dai kowace da inda ta nufa.

Ta farko ita ce narkewa da sake daskarewa. Kogin ƙanƙara, wato ƙaton tarin ƙanƙara mai gangarowa a hankali, na jan ciki, ya ci karo da ɗan tudun dutse, matsi ya narkar da shi ta gaba, ruwan ya zagaya baya inda matsi ya yi sauƙi, ya sake daskarewa. Masanin kimiyya Johannes Weertman ya yi bayaninta a 1957. Tana aiki ne a kan ƙananan tudu kawai, abin da take bari kuma siririn layi ne.

Ta biyu ta fi ban mamaki. Ruwa na gudu a cikin kwarin da ke ƙarƙashin ƙanƙara, sai ya hau gangara da sauri. Matsi ya ragu, ma'aunin daskarewa ya tashi, amma ruwan bai samu zarafin ɗumama ba. Ga shi ya wuce sanyin daskarewa, yana nan a ruwansa! Nan da nan ƙwayoyin ƙanƙara su tsiro cikinsa, su cafke laka da yashi, su manne a gindi. Sharaɗin shi ne karkatar gangarar ta ninka karkatar saman ƙanƙarar aƙalla sau 1.2 zuwa 1.7. A kogin ƙanƙara na Matanuska da ke Alaska, masu bincike a shekarun 1990 sun alaƙanta wannan hanya da layin ƙanƙara mai dauɗa na mitoci da dama. A ganina, wajen kwasar laka, ta farko ko kusa ba ta kamo ƙafarta ba.