Rumbun bayanan yanayi na Copernicus: yadda na same shi

Duk ɗalibin kimiyyar yanayi da bai buɗe asusu a Climate Data Store, rumbun bayanan yanayi na Copernicus, shirin Turai na sa ido kan duniya, ba, ya yi maza. Kyauta ne, rajista kawai za ka yi. Tarayyar Turai ce ke ɗaukar nauyi, cibiyar hasashen yanayi ta Turai, ECMWF, kuma ke gudanarwa.

Abin da ya kai ni can shi ne ɗumamar farat ɗaya da ke aukuwa a stratosfiya, wato sashen sararin samaniya na sama, wajen kilomita 30 sama da kawunanmu. Da hunturu, iska mai ƙarfi tana kewaya ƙuryar arewacin duniya daga yamma zuwa gabas. Wani lokaci manyan igiyoyin iska daga ƙasa kan taso su dake ta, sai ta raunana har ta juya baya, zafi ya ƙaru da kusan digiri 50 cikin 'yan kwanaki. Masanin yanayi Richard Scherhag ne ya fara lura da hakan a birnin Balin na Jamus a 1952, kuma yakan faru kamar sau 6 a shekara 10.

Na sauke bayanan iskar matakin 10 hPa (ma'aunin matsin iska da ya yi daidai da tsayin wajen kilomita 30 ɗin nan) daga kundin tarihin yanayi na ERA5, wanda ya faro daga 1940, na zana ta Fabrairun 2018 a kan layin digiri 60 arewa da ikwaita. Layin yana tafiya lafiya lau a sama, sai ranar 12 ga wata ya sulluɓo ƙasa da sifiri, wato iskar ta juya baya. Na daɗe ina kallonsa wallahi. Bayan kamar mako biyu ne dusar ƙanƙara ta rufe Ingila da Ailan.

Inda rumbun ya fi burge ni shi ne akwai sakamakon manhajojin kwaikwayon yanayi na CMIP5 da CMIP6 a wuri guda, sai ka jera su da abin da ya faru a zahiri. Nan ne asiri ke tonuwa. Manhajar da rufinta bai yi nisa ba, wadda ba ta da isassun matakai a sama, yawanci ba ta karya wannan iskar yadda ya kamata, sai ɗumamar ta yi ƙaranci a cikinta. Masu dogon rufi sun fi kusantar gaskiya. Amma har a CMIP6 kawunansu bai haɗu ba kan gobe: wasu na nuna abin zai ƙaru idan duniya ta ƙara zafi, wasu na nuna zai ragu. Ni dai na fi son ɗalibi ya ga wannan saɓanin da idonsa a kan a faɗa masa a aji.

Shawara biyu. Kada ka ɗauki matsakaicin wata-wata, zai haɗiye abin da kake nema, domin lamarin na kwanaki ne. Sannan, ga masu sayen data da kuɗin aljihu irina, ka zaɓi 10 hPa kaɗai da watannin Nuwamba zuwa Maris. Da ɗan sanin yaren kwamfuta na Python, yamma ɗaya ta ishe ka fitar da zanenka na farko.